Sista Shafa'atu, Mai Laluben Cikin Yaranmu

Duk ranar rigakafi, kafin matan ƙauye su fara ɓullowa da goyo daga hanyoyin gona, Sista Shafa'atu ta riga ta iso ɗakin shan magani na Ruwan Godiya. Takan zo da fulas ɗin kununta a hannu ɗaya, ɗayan kuma dafe da gwiwar da ta daɗe tana yi mata tsiya. Sai ta buɗe tagogi, ta duba akwatin sanyin da ake ajiye allurai, ta sa a shimfiɗa tabarmi a gindin darbejiya, sannan ta zauna a kan wani benci mai ɗingishi da ta hana a gyara, wai ita da shi ciwonsu ɗaya.

Aikin da gwamnati ta ɗora mata a irin wannan rana bai wuce awo da allura da ɗigon baki ba. Amma duk uwar da ta taɓa kai mata yaro ta san ba a nan ake tsayawa ba. Kafin allura, tun yaro bai fara kuka cikinsa ya ɗaure ba, takan murza tafukanta har su yi ɗumi, ta kwantar da shi a cinyarta, ta ɗaga 'yar rigarsa, ta ce, "To, bari in gani, ina ka ɓoye tuwon jiya?" Yaro ya shagala da neman tuwo, ita kuwa yatsunta na bi a hankali daga ƙarƙashin haƙarƙarin dama zuwa na hagu, har mara. Ba ta dannawa da ƙarfi. Ta gama, ta ɗan ja masa kunne, ta ce an kama ɓarawon tuwo, sai allura.

Iyaye mata sukan yi mita.

"Sista, allura muka zo, ga rana tana yi."

"Ranar ba taki ba ce, ta Allah ce. Miƙo shi nan."

A ƙarshen watan jiya Hajiya Shafa'atu Nata'ala ta ajiye aiki, bayan ta cika shekarun da doka ta yanka wa ma'aikaci. Ba a taɓa jin sunanta a rediyo ba, ba a taɓa rataya mata lambar yabo ba. Amma daga Ƙanƙara zuwa Faskari har Sabuwa akwai gidaje da dama da in aka ambace ta sai an bi da addu'a. Don haka ya kamata a faɗi abin da ta yi tun tana da ranta, kunnenta na ji.

'Yar Ƙanƙara ce, mahaifinta ma'auni ne a kasuwar hatsi. Lokacin da take makarantar koyon aikin lafiya aka tura su sanin makamar aiki a sashen tiyatar yara na babban asibitin koyarwa da ke Zariya. A can ta ga abin da bai bar zuciyarta ba har yau. Yara ne daga ƙasarmu ta kudancin Katsina, an kawo su ciki ya yi kamar tulu, ƙafafu kamar sillen kara, fatar cikin duk tabon tsaga da shatin ƙaho. Iyayen ba sakaci suka yi ba. Sun yi maganin saifa, sun yi na shawara, sun yi na sammu, sai da dabara ta ƙare suka hau mota. Wata rana wani dattijon likita ya ce ta ɗora hannu a cikin wata yarinya ta gaya masa abin da ta ji. Ta ce ta ji abu mai tauri a gefe guda, kamar ɗanyen mangwaro. Ya ce ƙari ne a ƙoda, irin ciwon dajin da ke kama ƙananan yara, kuma da izinin Allah wannan yarinya za ta tashi, don an kawo ta tun abin bai yi nisa ba. Sannan ya nuna mata sauran gadajen da haɓa ya ce, "Waɗancan ma da haka suka fara. Ba a sami wanda ya taɓa cikinsu da wuri ba ne kawai."

Da wannan magana ta dawo gida. Ita ba likita ba ce, kuma ba ta taɓa yi wa kowa ƙaryar ita ce ba. Ba ta yanka, ba ta rubuta maganin daji. Abin da ta ɗauka nata shi ne ta ji da wuri, ta tura da wuri, ta kuma tabbata wanda ta tura ya isa ya kuma kai ƙarshen magani.

Ita ce kan fara gaya wa uwa cewa yawancin kumburin cikin yara ba daji ba ne. Wani tsutsa ce, wani tamowa, wani saifa ce ta kumbura don yawan zazzaɓi ko sikila. Irin waɗannan ta san abin da za ta yi musu. Amma in ta ji tauri a gefe guda wanda ba ta gane masa ba, ba ta yin canki, hoton ciki take turawa a yi a Funtuwa. Lokacin da take Sabuwa ta taɓa tura wata Talatu da jaririnta, hoto ya nuna ruwa ne kawai ya ɗan taru a ƙoda, likitoci suka ce a riƙa kawo shi ana dubawa, wataƙila ma ya baje da kansa. Mijin Talatu ya zo har bakin asibiti yana faɗa, wai an sa su tafiyar banza ana tsakiyar noma. Ta bar shi ya gama, ta ce, "Malam, Allah ya ƙara mana irin wagga tafiyar banza." Har ya kai bakin hanya yana ƙunƙuni, sai ya juyo ya ce amin.

Ba kowa ne ya tashi ba, kuma ba za ta so a ɓoye hakan ba. Akwai Hajaratu, ɗiyar wata baiwar Allah Mansura, wadda nata ƙarin ya riga ya shiga ƙashi tun kafin a gane. An kai ta, an yi abin da za a iya, Allah ya karɓi abarsa. A unguwar aka riƙa cewa da ba a bi maganar Sista ba da yarinya na nan. Ta ji, kuma ta san za a kalle ta, amma ta ɗauki mayafinta ta tafi gaisuwa, ta zauna cikin matan da ke zunɗenta har aka watse. Ba ta kare kanta ba. Bayan an share makoki da 'yan watanni, sai ga Mansura a ɗakin shan magani, riƙe da hannun ɗan maƙwabciyarta. Ta ce, "Inna, taɓa mani wanga. Ban son yadda cikinshi yake."

Wata dabara tata ita ce wanzamai. Ta lura duk yaron da cikinsa ya kumbura, wanzami ne ke fara ganinsa kafin ma'aikacin asibiti. Maimakon ta zage su, sai ta riƙa bin su gidajen suna da goro. Takan ce, "Aski naku ne, ba ni da hannu ciki. Amma ciki in kun ji tauri gefe guda, kar ku sa aska, kar ku sa ƙaho, kar ku murza. Ku bar mani." Waɗansu suka yi mata dariya. Baba Gide, tsohon wanzamin Ruwan Godiya, bai yi ba. Ta hannunsa ne labarin Salahuddeen ya faro, kuma shi ne labarin da mutanen yankin suka fi ba da shi in ana maganarta.

A shekarar da 'yan bindiga suka matsa wa ƙauyukanmu har aka katse layukan waya, wata safiya cikin damina Baba Gide ya shigo ɗakin shan magani da zabirarsa a kafaɗa, bayansa wani magidanci mai suna Malam Mas'udu da matarsa Suwaibatu, da ɗansu Salahuddeen, ɗan shekara uku. Daga wata 'yar unguwa suke a bayan gari. Uwar ce ta ji abu a cikinsa tana yi masa wanka, tsofaffi suka ce saifa ce, a kai shi a yi masa tsaga.

"Hajiya," in ji Baba Gide, "na yi tsagar saifa tun ba a haifi uban yaron ga ba. Wanga ba ita ba ce. Saifa hagu take, wanga kuwa gefen dama yake, kuma ya yi tauri. Na ce ba ni taɓawa sai kin gani."

Ta kwantar da yaron, ta bi cikinsa. Daga baya Suwaibatu ta ce ita fuskar Sista take kallo, ko za ta karanta wani abu, amma ba ta ga komai ba sai murmushin da take yi wa yaro. Sai da Sista ta sauke masa riga sannan ta tambaya ko ya rame, ko fitsarinsa ya taɓa sauya launi. Suwaibatu ta ce sau ɗaya ta ga ya yi ja, ta ɗauka zafi ne.

"To, ku saurare ni," in ji Sista. "Ban sani ba tukuna, kuma ba zan ce maku na sani ba. Amma ba na son a kwana da yawa. Gobe Funtuwa, a yi hoto. Kafin nan kar kowa ya matsa mashi ciki, ko da wasa."

Hoto ya nuna ƙari a ƙodar dama. Daga Funtuwa aka tura su Zariya, aka ƙara hotuna, aka duba ƙirji, aka auna jini. Likitar tiyatar yara ta zaunar da iyayen ta yi musu bayani dalla-dalla: ciwon daji ne na ƙoda, bai bazu ba, kuma irinsa yana jin magani. Za a fara da maganin da ake sa wa ta jijiya na 'yan makonni don ƙarin ya motse, sannan a yi tiyata a cire shi tare da ƙodar da ya cinye, sannan a ci gaba da magani na watanni. Mas'udu ya ce ya ji.

Maganin ya yi aiki fiye da yadda iyayen suka zata. Gashin yaro ya zube, ya sha amai, amma ciki ya saɓe, ya fara neman abinci da kansa. Aka ba su ranar da za su koma don tiyata, suka dawo gida.

Ranar ta zo ta wuce. Ba waya, ba labari. Sai wata mata da ta dawo daga jinya a Zariya ta biyo ta ɗakin shan magani da saƙon baki: ma'aikatan sashen yara sun ce a gaya wa Sista, yaronta na Ruwan Godiya bai dawo ba. Sista ta aika unguwar su Mas'udu, aka tarar ba kowa sai kaji. Mutanen sun watse bayan 'yan bindiga sun shigo musu, sun bar masara a tsaye. Da ƙyar Baba Gide ya binciko mata cewa Mas'udu ya kwashi iyalinsa zuwa garin surukansa, wani ƙauye a ƙasar Sabuwa.

Maigidanta, Malam Shamsu, tsohon malamin firamare ne, mutum mai haƙuri, amma ranar da ta ce za ta bi su sai da ya tsaya a bakin ƙofa.

"Ke ɗin nan, kin san abin da ke faruwa a hanyar ga. In aka ɗauke ki, mi zan ce wa yara?"

"Ka ce masu su tausaya wa waɗanda suka ɗauke ni."

Bai yi dariya ba. Ya shiga ya ɗauko mata maganin gwiwarta da ta manta, ya raka ta tasha.

Ba kai tsaye ta nufi Sabuwa ba. A tashar Funtuwa ta sauka ta nemi wani direban motar haya mai suna Muslim Rabo, ƙaton mutum mai mata da 'ya'ya, wanda ke bin hanyar Ɗandume zuwa Sabuwa. Tun yana ɗan yaye, a farkon aikinta a Ƙanƙara, ita ta ji ƙari a cikinsa, aka cire masa ƙoda ɗaya. Da ya ji abin da ke tafe da ita, ya sauke fasinjan gidan gaba ya mai da shi baya, ya ce, "Inna, shiga."

Sun sami Mas'udu a ƙofar gidan surukinsa yana ɓarar masara. Can gefe ga Salahuddeen, kai tal ba gashi, kumatu sun dawo, yana bin 'yan tsaki da kara. Mas'udu ya miƙe da sauri ya shimfiɗa mata buhu.

"Hajiya, ke da kanki? A wagga hanya?"

"Ni da kaina da gwiwata. Malam Mas'udu, ranar yaro ta wuce."

Ya nuna yaron da hannu. "Dube shi. Shina ci, shina gudu, shina barci. Allah ya ba shi lahiya. Mi kuma za a yanka?"

Ta yi masa bayani cewa maganin ya rage abin ne, bai raba shi da shi ba. Ya saurara da ladabi har ta gama, sannan ya rage murya.

"Hajiya, ba ki jin abin da ake faɗi? Ƙodar mutane ake cirewa a sayar. Ni in ɗauki ɗana in miƙa da hannuna? Na baro gidana, na baro gonata ban girbe ba, ga ni ina cin arziƙin suruki. Abin da ya rage mani ke nan, ɗiyan ga. Ba ni kai shi a rage mashi wani abu."

A nan ta gane ba taurin kai ke damun mutumin ba. An ƙwace masa abubuwa da yawa cikin ɗan lokaci, ya kai inda ba ya iya sakin komai kuma. Ta kira Muslim, ta ce ya ɗaga rigarsa. Ga tabon nan, dogo, ya ratsa cikin daga gefe. Muslim ya ce da ƙoda ɗaya ya yi kokawa yana saurayi, da ita yake ɗora buhun masara a kan mota, da ita ya haifi 'ya'yansa. Mas'udu ya duba tabon sosai, ya ce masha Allah, sannan ya koma ya zauna ya ɗauki masararsa.

"Kowa da tashi ƙaddara," ya ce.

Rana ta fara karkata, kuma ba mai bin wannan hanya bayan la'asar. Muslim ya ce su tafi. Ta ce ya tafi, ita tana nan.

Ka san ba a korar baƙo, balle dattijuwar da ta ratso daji dominka. Aka ba ta ɗakin uwar Suwaibatu. Kwana ya zama kwanaki, ba ta sake ta da maganar tiyata ba. Tana cikin mata ana ɓarar masara, ana surfe, ana hira. Matan ƙauyen suka ji akwai Sista a gari, suka riƙa kawo yara, ta mai da zauren gidan ɗakin duba marasa lafiya. Mas'udu ya gaishe ta da safe, ya gaishe ta da yamma, kullum yana jiran ta ce wani abu, ita kuwa sai ta tambaye shi ya aiki.

Suwaibatu ce ta same ta a bayan rumbu ta ce, "Inna, ni fa har yanzu in ina yi mashi wanka ina jin abin. Ya rage, amma shina nan."

"Kin faɗa wa Malam?"

"Na faɗa. Ya ce tsoro ne ke sa hannuna jin abin da babu."

"To, ki bar faɗa mashi da baki."

Washegari da hantsi Suwaibatu ta gama yi wa yaron wanka ta kwantar da shi a tabarma tana shafa masa mai. Mas'udu ya fito da lauje zai tafi gona. Suwaibatu mace ce mai kunya, wadda ba a taɓa jin ta ɗaga murya a gaban baƙo ba, balle a gidan iyayenta. Amma ranar, a gaban uwarta da Sista, ta ce, "Malam, tsaya." Ta kamo wuyan hannunsa, ta jawo shi har ya durƙusa, ta ɗora yatsunsa ƙarƙashin haƙarƙarin yaron na dama. Sista ta ce, "A hankali. Bari ya saki numfashi."

Yaron na wasa da igiyar laujen ubansa. Hannun Mas'udu ya tsaya wuri ɗaya, ya daɗe bai ɗaga ba. Abin bai fi ƙwan kaza ba yanzu, amma tauri kamar dutse.

"Shina nan," ya ce.

"Shina nan," in ji Sista. "Kwanciya ya yi. In aka bar shi zai tashi, kuma in ya tashi ba ya tsayawa a ƙoda, huhu yake nema. Yanzu ana iya fidda shi gaba ɗaya. Ban san yadda za a ce ba nan gaba."

Ya ajiye laujen. Ya share fuska da hular kansa. Can ya ce, "In na yarda, da sharaɗi. Abin da suka cire, in gan shi da idona."

"Na ji. Ni zan roƙa maka."

Muslim ne ya kai su har Zariya. Aka sake hotuna, Allah ya taimaka ƙirji na nan fes, sai dai jinkirin ya sa aka ƙara masa magani kafin a sa sabuwar rana. Sista ta koma bakin aikinta, amma ranar tiyata sai ga ta a Zariya. Ta sami likitar ta isar da sharaɗin uban, ba ta ɓoye dalilinsa ba. Likitar ba ta ji haushi ba, ta ce ba shi ne na farko da ya zo da wannan tsoro ba.

Mas'udu ya yini a tsaye a baranda, carbi na zagaya yatsunsa. Da aka gama, likitar ta fito da kanta, ta ce yaro na lafiya, ɗayar ƙodar kuma garau take. Sannan ta kira shi gefe ta buɗe masa wani kwanon ƙarfe, kafin a wuce da abin ɗakin bincike. Ya leƙa. Wani curin nama ne mai ƙulu-ƙulu, ƙodar ta maƙale a jikinsa kamar ɗan kunne, ba ta da sauran siffa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya juyo wurin Sista ya ce, "Hajiya, wanga ko kyauta aka ba mutum ba ya amsa." Ya fara dariya, dariyar ta juye kuka, ya zauna a ƙasa ya rufe fuska. Ta bar shi ya yi abinsa.

Sauran watannin ba su zo da sauƙi ba. Magani yakan kayar da yaro, sau ɗaya zazzaɓi ya kama shi har aka kwantar da shi aka yi masa ƙarin jini. Amma ba a sake aiko saƙon cewa bai zo ba. Da layukan waya suka dawo, duk ranar da za su koma asibiti sai wayar Suwaibatu ta yi ƙara tun da sassafe: "Kun hau mota, ko in taho?"

Ke ce wannan, Sista. Ke ce kika san cewa gano ciwo rabin aiki ne, sauran rabin kuma zama da mutane har tsoronsu ya kwanta. Ke ce ba ki raina wanzami ba, ba ki raina uban da ya ce a'a ba, ba ki kuma yi wa uwa alkawarin abin da ba ya hannunki ba. Lokacin da ma'aikata da yawa suka nemi a sauya musu wurin aiki, kuma ba mai ganin laifinsu, ke kika ce in kowa ya tafi wa zai taɓa cikin yaran. Gagara-gajiya ta gidan Nata'ala, uwar marasa lafiya.

Ba za a ce ba ki da naki ba. Bakinki akwai kaifi, ƙananan ma'aikatan da suka yi aiki a ƙarƙashinki sun shaida. Wata ta ce ranar da ta yi wa yaro allura ba ta duba cikinsa ba, kin sa ta bi uwar har bakin kasuwa ta dawo da ita. Amma ita ɗin ce yau ke riƙe da wani ɗakin shan magani a ƙasar Ƙanƙara, kuma a bara ta tura jarirai biyu da ita ta fara jin ƙari a cikinsu.

Ranar da aka yi mata taron sallama, ba wani babban biki aka yi ba. Kujerun roba ne da lemo da 'yan jawabai. Amma an zo daga nesa. Muslim ya ciko motarsa da mutanen Sabuwa bai karɓi ko sisi ba. Mansura ta zo. Baba Gide, wanda ido ya fara gagara, jikarsa ta riƙo masa sanda. Malam Mas'udu, wanda ya zauna a ƙasar Sabuwa tun daga wancan lokaci, ya zo janye da 'yar akuya, ga Suwaibatu, ga kuma wani ɗan makaranta mai cikakkiyar suma, yana ta waige-waige yana neman inda ake raba lemo.

Uban ya turo shi gaba. "Je ka gaida ta. Ka san ko wace ce?"

Salahuddeen ya durƙusa ya gaishe ta kamar yadda ake gaida kowace tsohuwa. Ya dubi fuskarta, ya dubi ubansa, ya girgiza kai. Bai san ta ba. Mas'udu ya ji kunya, ya fara faɗa, "Kai, wannan fa ita ce..." Sai ta ɗaga masa hannu.

"Bar shi, Malam. Kar ka tuna mashi. Yaron da ya manta da mai magani, ai ya warke ke nan." Ta miƙa wa yaron nata lemon, ta ce ya je ya yi wasa. Waɗanda ke kusa sun ce sun ga ta bi shi da kallo har ya shige cikin yara, tana goge ido da gefen mayafi.

Mun gode, Hajiya Shafa'atu. Allah ya saka miki da mafificin alheri, ya ba gwiwar nan sauƙi, ya sa abin da kika yi ya tarar da ke a mizani. Ya saka wa Malam Shamsu da ya yi ta rakiya tasha zuciyarsa na dukan uku-uku.

Saura mu. Uwa, in kina yi wa ɗanki wanka kika ji tauri a gefen cikinsa, ko kika ga ciki na girma yaro na ramewa, ko fitsari ya yi ja, kada ki murza, kada ki jira, ki kai shi a duba. Uba, in an fara magani ka ga sauƙi, ka kai shi ƙarshe. Wanzamai, ku yi koyi da Baba Gide. Ku kuma matasan da kuka gaji farar riga a ƙananan asibitocinmu, layi zai yi tsawo, iyaye za su yi mita, amma ku ɗaga rigar yaron ku duba. Wataƙila ba wanda zai san kun yi, har shi yaron. Salahuddeen yana da damar ya manta da ita. Mu manya ba mu da wannan dama.